Yashin Hoto da Tsagar Kakata

 

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya ya ɗauki hoto bayan sallar magariba ya san abin da zan yi magana a kansa yau. A fuskar waya hoton yana fitowa ras, amma da zarar ka sa yatsu biyu ka buɗa shi sai ka ga kamar an watsa masa yashi. Bangon da ka san shafaffe ne ya koma tsaki-tsaki, baƙin mayafi ya cika da ɗige-ɗigen ja da kore da shuɗi waɗanda babu su a jikin yadin. Turawa suna kiran wannan abu da kalmar da ke nufin hayaniya. Mu kuwa tun zamanin talabijin mai eriya muke cewa hoto yana yashi, don haka da wannan suna zan ci gaba da kiransa.

A garinmu Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, yawancin abubuwan da ake so a ajiye hotonsu da yamma ake yin su, ko kuma a cikin ɗaki. Kamu da sa lalle da kai amarya, tashen yara a watan azumi, hirar tsakar gida ranar da 'yan uwa na nesa suka zo Sallah, duk a ƙarƙashin fitilar caji ko ƙwan sola guda ɗaya ake yin su. Shi ya sa hotunan da suka fi daraja a wayoyinmu su ne suka fi yashi.

Ina aji biyu a jami'a, ina karanta fiziks. Amma tun ina aji biyar na sakandare na zama mai hoton gidanmu, saboda mai hoto namiji ba ya shiga ɗakin mata ranar lalle, ni kuma ba na gajiya da a ce mini "sake ɗauka, idona a rufe yake". Abin da zan gaya muku rabinsa daga aji na samo shi, rabinsa daga ɗakunan biki.

Daga ina yashin yake zuwa?

A bayan gilashin kyamarar wayarku akwai wani ɗan faranti da bai kai farcen ƙaramin yatsa girma ba, ana kiransa sensa. An rarraba shi gida-gida har miliyoyi, kowane gida shi ne fiksel ɗaya. A wayoyi da yawa faɗin fiksel bai wuce mikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Aikin kowane gida shi ne ya tari haske, ya ƙirga abin da ya tara, ya miƙa lambar. Hoto tarin waɗannan lambobi ne kawai. Masana biyu, Willard Boyle da George Smith, su suka ƙirƙiro nau'in sensa na farko da ya yi tasiri a 1969 a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a kansa a 2009. Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975 fiksel dubu goma kacal gare ta, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset.

Abin da ya fi ba ni mamaki a aji shi ne haske ba ya kwarara kamar ruwan famfo. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ana kiran kowace ƙwaya foton, kuma ba bisa tsari suke sauka ba. Ku ɗauka an jera kwanuka ɗari a tsakar gida. Idan yayyafi aka yi na minti ɗaya, wani kwanon zai sami ɗigo uku, na kusa da shi takwas, wani ko ɗaya. Sama ɗaya ce a kansu, amma lissafinsu ya sha bamban. Idan kuwa ruwa aka tafka kamar da bakin ƙwarya, duk za su cika kusan daidai, bambancin ba zai kai a lura da shi ba. Yashin hoto shi ne wannan bambanci na kwanukan yayyafi: fiksel biyu suna kallon bango ɗaya, amma ɗaya ya ce da haske, ɗaya ya ce da duhu.

Har lissafinsa an sani, kuma ɗan aji huɗu zai iya yin sa. Girman tangarɗar yana tafiya da sikwaya-rut na yawan foton ɗin da aka tara. Idan fiksel ya tara 100, tangarɗar tana kusan 10, wato kashi 10 cikin 100. Idan ya tara 10,000, tangarɗar tana kusan 100, wato kashi 1 kacal cikin 100. Yanzu ku haɗa da wannan: hasken rana tsaka yana kai wa laks 100,000, ɗaki mai ƙwai ɗaya da ƙyar yake kai wa 100, farin wata kuwa ko laks 1 bai kai ba. Idonmu yana sabawa da duhu har mu manta da wannan tazara, amma sensa ba ta mantawa.

Idan haske ya yi ƙaranci, waya takan ɗaga wata lamba da ake kira ISO don hoton ya yi haske. Wannan daidai yake da abin da kakanninmu ke yi idan tashar rediyo ta yi nisa: su ƙara murya, sai maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Kayan lantarkin da ke cikin wayar su ma suna ƙara nasu ɗan yashin, musamman idan ta ɗauki zafi.

Ɗige-ɗigen launi kuma ga asalinsu. Fiksel ba ya gane launi da kansa. An ɗora wa kowanne ɗan matacin launi ɗaya, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Wayar ce ke duba maƙwabta ta ƙiyasta sauran launukan biyu. Idan jan fiksel ya yi sa'ar tara foton fiye da maƙwabtansa, sai ɗigon ja ya bayyana a kan baƙin mayafi.

A gane ciwo kafin a sha magani

Ƙannena da yawa sukan turo mini hoto su ce, "Yaya, cire mini yashin nan," in duba in ga ba yashi ba ne. Cuta uku ce take kama da juna.

Ta farko ita ce yashin gaske, kuma iri biyu ne. Akwai na launi, wato ɗige-ɗigen ja da kore da shuɗi, shi ne ya fi muni a ido amma ya fi sauƙin cirewa. Akwai na haske, wanda yake kamar tsakin gero, ba launi a jikinsa, shi kuma cire shi yana tafiya da wani abu na hoton.

Ta biyu ita ce dishi-dishi. Hannu ya girgiza, ko wanda ake ɗauka ya motsa, ko kyamara ta saita ido a kan bango ta bar fuska. Maganin yashi ba ya yi wa wannan komai sai ƙara dagula shi.

Ta uku ita ce matsewa. Idan hoto ya bi ta WhatsApp ko Facebook, ana matse shi don ya rage cin data. Idan aka ɗauki hoton fuskar waya aka sake turawa, aka kuma sake, sai ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna, musamman a gefen rubutu da gefen fuska. Abin da aka zubar wajen matsewa ya tafi ke nan. Tun 2023 WhatsApp ya sa zaɓin HD, amma abin da ya fi shi shi ne a tura hoton a matsayin fayil, don ya isa yadda yake.

Rigakafi

Minti ɗaya da za ku kashe kafin ɗauka ya fi awa guda a kan manhaja. Ku fara goge gilashin kyamara da gefen hijabi ko riga mai laushi, domin maiƙon yatsa yana sa haske ya yi hazo. Ku matso da mutum kusa da fitila, hasken ya sauka a fuskarsa, kada ya kasance a bayansa. Idan kun rage tazarar da ke tsakanin ƙaramar fitila da fuska zuwa rabi, hasken da ke sauka a kanta yana ninkuwa kusan sau huɗu. A ɗakin lalle nakan roƙi wata ta riƙe fitilar caji a gefe, ta haska farin bango ko farin mayafi, hasken ya dawo kan amarya a tausashe.

Kada ku zuƙo hoto da yatsu a cikin duhu, ku taka da ƙafa ku matsa. Zuƙowa a yawancin wayoyinmu yanko tsakiyar hoton ne kawai a buɗa shi, yashin ma ya buɗu. Haka kuma zaɓin megafiksel 50 da wasu ke kunnawa don burgewa bai dace da dare ba. A saitin da waya ta zo da shi takan haɗa fiksel huɗu su zama ɗaya, wato kwano ɗaya babba a maimakon ƙanana huɗu.

Sai tsarin dare, wanda yanzu ake samu har a wayoyin Tecno da Infinix. Google ya fito da nasa a 2018, Apple a 2019. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki hotuna da yawa a jere ya haɗa su. A ce hasken gaskiya na wani fiksel 100 ne, amma a ɗauka huɗu aka sami 92 da 107 da 104 da 97. Ku haɗa ku raba huɗu, za ku ga an dawo 100. Ba kullum yake faɗawa daidai haka ba, amma ƙa'idar ita ce hoto huɗu suna rage yashi zuwa rabi, goma sha shida zuwa kwata. Sharaɗinsa kada a motsa. Ku jingina gwiwar hannu da bango ko turmi, ku ce wa mutane su ɗan daskare.

Yadda nake gyarawa

Dokata ta farko: ba na taɓa asalin hoto. Nakan yi kwafi in yi aiki a kansa, asalin yana nan a ajiye. A waya ina amfani da Lightroom, kuma ma'aunan rage yashi suna cikin ɓangarensa na kyauta. Wanda ya sami kwamfuta a makaranta ko a shagon buga takardu zai iya sauke GIMP ko darktable, duka kyauta ne.

Nakan fara da daidaita haske da launin hoton gaba ɗaya, amma ba na tilasta wa wuraren duhu su yi haske sosai, domin a nan yashi yake kwance. Dare ne, a bar shi ya yi kama da dare. Daga nan sai in buɗa hoton sosai a kan ido ko bakin mayafi, inda akwai fata da gashin gira da saƙar yadi a wuri ɗaya, domin a ƙaramin hoto ba a ganin ɓarnar da ake yi.

Ma'aunin yashin launi nake fara ja. Shi ana iya sakin hannu a kansa, domin idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske fiye da ƙananan bambancin launi. Nakan ja har ɗige-ɗigen su ɓace, in tsaya. Idan aka wuce nan, jan lalle yakan fara malalowa kan fata, ƙananan furannin atamfa su koɗe. Sau da yawa wannan mataki kaɗai ya isa.

Ma'aunin yashin haske kuwa da taka-tsantsan ake taɓa shi, kuma ga dalili. Hanya mafi sauƙi da manhaja ke bi ita ce ta daidaita kowane fiksel da maƙwabtansa, kamar lissafin da muka yi ɗazu. A kan shafaffen bango wannan yana aiki. Amma a ce baƙin zare mai lamba 20 yana kwance kusa da farin yadi mai lamba 200. Idan aka haɗa aka raba, 110 za a samu, wato toka-toka, zaren ya narke. Masana sun yi ta gyara dabarar. A 2005 wasu masu bincike uku, Buades da Coll da Morel, suka fito da hanyar da manhaja za ta zagaya hoton ta nemo wuraren da suka yi kama da juna ta daidaita su, ta bar iyakoki. Duk da haka, manhaja ba ta san aikin hula ba, ba ta san gashin gira ba. Abu ƙarami kawai take gani, ta yi ƙiyasin ko yashi ne.

Duk wadda ta taɓa rairayar shinkafa ta san cewa idan aka ce sai an fitar da kowace ƙwayar yashi da gaggawa, shinkafar ce za ta bi ruwa. Shi ya sa nake ja kaɗan-kaɗan, ina kallon fata. Da na ga ta fara sheƙi kamar fuskar 'yar tsana ta roba, sai in koma baya. Ma'aunin yana kai wa 100, amma ni da wuya in wuce 30. Ɗan yashin da ya rage ba ya fitowa idan aka wanke hoto a takarda ko aka kalle shi a girmansa na yau da kullum.

Ƙara kaifi shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan, domin kaifi yana farfaɗo da yashin da aka kwantar. Akwai ma'aunin da ke killace kaifin a gefunan abubuwa kawai ya bar fata da bango, ku neme shi a wannan sashe. Idan na gama, nakan ajiye waya in sha ruwa, in dawo in kwatanta da asali. Tambayata ɗaya ce: mutumin nan, shi ne?

Ranar da tsaga ta ɓace

Kakata ta wajen uwa ba ta son hoto. Sunanta aka sa mini, kuma duk lokacin da na ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Kishiya, me za ki kai wa mijin nawa?" Sau ɗaya ta yarda, daren sunan wata jikarta, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, fitilar caji tana rataye a ƙusa. Hoton ya yi yashi sosai. Bayan wata bakwai Allah ya yi mata rasuwa, kuma da aka bincika wayoyin dangi, shi kaɗai ne hoton da fuskarta ta fito gaba-da-gaba.

Kafin in dawo daga makaranta, wani ɗan uwanmu, da kyakkyawar niyya, ya saka hoton a ɗaya daga cikin manhajojin nan da ke gyara fuska da taɓawa ɗaya, ya tura a zauren dangi. Hoton ya fito tas, kamar a situdiyo aka ɗauka. Mutane suna ta sa albarka. Sai Kawu, babban ɗanta, ya kira ni. Shi Uwata yake ce mini saboda sunan.

"Uwata, kin ga abin da aka turo?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Matar nan kyakkyawa ce, amma ba Inna ba ce. Ina tsagarta?"

Kakata tana da tsagar gado a kumatu, siraran layuka da tsufa ya sa suka shige cikin tamoji. Manhajar ta ɗauke su a matsayin yashi ta share. Ta haska fatar, ta sirantar da hanci, ta cike giɓin da ke gefen haƙoranta. An je gyaran gira, an rasa ido.

Asalin yana wayata. Na cire yashin launi, na taɓa na haske kaɗan a bango da mayafi, na bar fuskar kusan yadda take. Hoton bai yi kyan wancan ba, har yanzu da tsaki-tsaki a jikinsa. Amma da na miƙa wa mahaifiyata, sai ta sa yatsa a kan kumatun ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce komai ba. Shi aka wanke aka raba wa dangi.

Ya kamata ku san abin da ya faru a nan, domin irin waɗannan manhajoji suna ƙaruwa. Tsofaffin ma'aunai ragewa kawai suke yi. Sababbin, masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, an horar da su da ɗimbin hotuna, don haka idan suka ga wurin da bai fito ba sai su cike shi da abin da suka saba gani. Idan fuskokin da suka saba gani ba su da tsaga, ba su da duhun fata irin namu, to can za su karkata. A 2020 an saka wani dusasshen hoton Barack Obama a wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka haɗa, sai ta fito da fuskar Bature. A 2023 wani ya dusar da hoton wata da gangan, ya nuna shi a fuskar kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung, sai ga ramukan wata sun fito waɗanda babu su a abin da ya ɗauka. Ba duka ne suke wuce gona da iri ba. Wanda kamfanin Adobe ya saka a Lightroom na kwamfuta a 2023 yana aiki ne da ɗanyen bayanin sensa, kuma masu hoto da yawa sun yaba da shi. Amma kowanne kuka ɗauka, ku kwatanta sakamakonsa da asali kafin ku yarda.

Shanun Birnin Kudu

Ba fuskar mutum kaɗai abin ya shafa ba. A maƙwabtanmu Birnin Kudu akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda suke cikin kayan tarihin ƙasa da gwamnatin tarayya ke kula da su. A nan ne kuma masanin tarihi Bernard Fagg ya ci karo da duwatsun kiɗa a 1955, waɗanda idan aka buga su suke amo kamar ƙarfe. Yawancin zanen na shanu ne, kuma abin da ya ja hankalin masana shi ne shanun ba su da tozo, sun bambanta da waɗanda muke gani a kasuwar Sara a yau.

Na je da hutun da ya wuce. Zanen yana ƙarƙashin inuwar dutse, jan launinsa ya koɗe, shi kansa dutsen tsaki-tsaki ne tun halittarsa. Na zauna a gefe na gwada a kan kwafi, don in ga iyakar abin. Da na ja ma'aunin yashin launi zuwa ƙarshe, sai jan ya fara narkewa cikin launin dutse, layin bayan saniya ya dushe. Wato shaidar da ke nuna akwai tozo ko babu, ita ce manhajar ta fara ci.

Masu binciken irin wannan zane akasin haka suke yi. Suna amfani da wata manhaja mai suna DStretch, wadda Jon Harman ya fitar a 2005 bisa dabarar da hukumar NASA ke amfani da ita a hotunan tauraron ɗan Adam. Ita ƙara bambancin launi take yi har abin da ido ba ya gani ya fito. Sai dai tana ƙara yashi da tabon matsewa tare da zanen, don haka dole hoton ya zo da tsabta tun daga ɗauka: ISO ƙasa, waya a kafe, ba a bi da shi ta WhatsApp ba. Idan makarantarku ta kai ku ziyara can, ku ɗauka haka, ku ajiye asalin. Kuma kada ku zuba wa zanen ruwa ko ku bi shi da alli don ya fito, wannan yana lalata shi.

Inda ya kamata a tsaya

Masu hoton jarida suna da iyaka a kan gyara. A gasar World Press Photo ta 2015, alƙalai sun kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida. Mu ba gasa muke ba, amma akwai wuraren da ya kamata mu riƙe irin wannan iyaka. Hoton fasfo na rajistar WAEC ko NECO ko katin shaida, a fita waje a ɗauke shi a inuwa da rana, kada a shafe shi. Ranar jarrabawa fuskarku mai duba ɗalibai zai kalla ya kwatanta da takarda. Hoton da zai zama shaida, kamar na ambaliya ko gonar da aka yi wa ɓarna, a bar shi yadda yake. Hoton wani kuma, musamman na mata a cikin gida, a nemi izini kafin a saka shi a manhajar da ke aiki ta intanet, domin irin waɗannan sukan tura hoton zuwa kwamfutocin kamfaninsu ne su gyara a can.

Ga 'yan uwana mata kuma ina da magana ɗaya. Na ga ƙawaye da suka saba da fuskarsu ta cikin manhaja har suka fara jin haushin ta madubi. Ƙofofin gashi da ɗan tabon ƙuraje da duhun fata ba yashi ba ne, kyamara ba ta yi kuskure a kansu ba. Ku cire abin da ƙarancin haske ya ƙara, ku bar abin da Allah ya yi.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Ku ajiye hula mai aiki ko ƙyallen atamfa a wuri ɗaya, ku ɗauke shi sau huɗu: da rana a inuwa, da dare da fitila a nesa, da dare da fitila a kusa, sannan da tsarin dare waya a jingine. Ku buɗa kowanne a wuri ɗaya ku kwatanta. Sannan ku ɗauki mafi yashi a ciki ku ja ma'auni a hankali, ku rubuta lambar da zaren farko ya ɓace a kanta. Wannan lambar ita ce iyakar wayarku, kuma ba wanda zai gaya muku ita sai gwaji. Ku nuna wa malamin fiziks ɗinku sakamakon, ku tambaye shi alaƙarsa da darasin haske.

Allah ya ba masu shirin jarrabawa sa'a, ya jiƙan magabatanmu. Sai wani makon.